Gurbin da Ya Ƙi Karɓar Surukina

Ku 'ya'yana, na san kowannenku yana da nasa labarin abin da ya shiga tsakanina da kakanku na Falgore. Mahaifiyarku ta ba ku nata, wanda duk shekara sai ya ƙara tsawo. Kawunnanku sun ba ku nasu, har suna cewa wai an ɗaga mini sanda. Ba a ɗaga sanda ba. Tun da yanzu na ajiye aiki, gwiwa ta hana ni yawo, ido kuwa bai gama tafiya ba, bari in rubuta muku yadda aka yi, har da wuraren da ban fito da kyau ba, waɗanda su suka fi yawa.

A shekarar ina aiki da wata ƙungiyar manoma da makiyaya da ta haɗa mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Ofishinmu ɗaki biyu ne a Kwanar Dangora, bayan masu gasa masara, inda duk tirelar da ta wuce sai tagarmu ta amsa. Mu biyu ne a kan kwamfuta, ni da Malama Asabe, mutuniyar Riruwai, wadda ta girme ni da shekara huɗu, kuma ba ta taɓa bari na manta da haka ba. Aikin da aka ba mu shi ne mu kwashe rajistar mambobi daga tsofaffin littattafai mu zuba a rumbun bayanai. Da kun ga littattafan nan da kun tausaya mana. A gurbin lambar waya sai ka ga an rubuta "ta ɗansa", ko "a kira mai shayin tasha", ko "ta faɗa rijiya". A gurbin shekaru, "dattijo ne". A gurbin buhunan da mutum ya noma, "ba laifi". Ni kuwa tun ina yaro ba na son abu a karkace. Ko tabarma na gani an shimfiɗa a kaikaice sai na miƙar da ita kafin in zauna. Littattafan nan har ciwon kai suka sa mini.

Dole in ɗan yi muku bayanin aikin, in ba haka ba ba za ku gane abin da muka yi ta faɗa a kai ba. Rumbun bayanai jadawali ne jadawali, kamar shafukan rajista, kowane jadawali kuma yana da gurabe: na suna, na waya, na shekaru, da sauransu. Kafin ka zuba komai sai ka faɗa wa na'ura irin abin da kowane gurbi zai ci. Hanya biyu ce. Ko dai ka ce mata wannan gurbi rubutu ne zalla, wancan lamba ce zalla, ta karɓi duk abin da aka ba ta muddin rubutu ne ko lamba. Ko kuma ka ƙera naka nau'in, ka sa masa suna da ƙa'idoji, wanda mu a sana'ar muke ce wa domen. Kamar ka sassaƙa mudu ɗaya ne ka ce duk kasuwa da shi za a yi awo. Ka ƙera shi sau ɗaya, ka ɗora wa kowane gurbi da kake so a kowane jadawali, duk abin da bai cika ƙa'idarsa ba na'ura ta tofar da shi. Jadawalinmu shida ne, na manoma, na makiyaya, na rabon iri, na allurar dabbobi, na wakilan ƙauyuka da na masu zuwa taro, kuma kusan kowanne yana da gurbin waya da na shekaru da na adadin wani abu. Sai na zauna na ƙera domen uku. Na waya, lamba goma sha ɗaya cif, kuma ba a barinsa fanko. Na shekaru, daga sha takwas zuwa ɗari. Na adadi, lamba cikakkiya daga ɗaya zuwa sama, shi ma ba a barinsa fanko. Da na gama na jingina da kujera ina kallonsu kamar wanda ya gama ginin soro.

Malama Asabe ta leƙo ta karanta, ta koma kujerarta tana ɓare gyaɗa.

"Malam Sabo, wanda ba shi da waya fa?"

"A wannan zamanin wa ba shi da waya?"

"Ka taɓa zuwa bayan Riruwai?"

Na ce mata in muka bar gurabe a buɗe, littattafan nan za mu sake haifa a cikin kwamfuta, mai shayin tasha ya biyo mu har nan. In kuwa muka ce kowane jadawali mu rubuta masa ƙa'idarsa daban, sau shida za mu rubuta abu ɗaya, wata rana mu gyara biyar mu manta ɗaya. Ita kuwa ta ce nau'i zalla ya fi sauƙi, duk wanda ya gaje mu zai buɗe ya gane nan take, ba sai ya je tono inda Malam Sabo ya binne dokokinsa ba. Ta ƙara da cewa manomin da ke bakin titi da makiyayin da ke cikin daji ba lalle riga ɗaya ta shige su ba. Sati biyu muna wannan, har masu gasa masara suka fara tambaya ko gado muke rabawa. A ƙarshe muka kai wa shugaban ƙungiya, tsohon dillalin hatsi ne, bai san kan kwamfuta ba amma ya san algus. Ya saurare mu yana lumshe ido, sannan ya yi tambaya ɗaya.

"A cikin biyun wanne ne ba ya barin ƙarya ta shiga?"

"Nawa, ranka ya daɗe."

"To a yi naka."

Nan take ya naɗa ni shugaban sashen kwamfuta. Sashen dai mu biyu ne, amma shugabancin ya zo da kujera mai hannu, wadda da ma ita kaɗai ce a ɗakin.

Gaskiya ita ce da farko abin ya yi kyau. Wakilanmu na ƙauyuka suka riƙa aiko da sunaye, rumbu ya cika tsaf, babu "ta ɗansa", babu "ba laifi". Da aka tashi rabon irin masara muka tura saƙo ta waya, mutane suka zo a ranar da aka ce, abin da bai taɓa faruwa ba. Shugaba ya yabe ni a gaban taro. Na koma gida Kiru ina tafiya kamar hakimi, na zauna a tsakar gida ina ba mahaifiyarku da Inna, wato kakarku ta wajena, labarin yadda na koya wa ƙananan hukumomi huɗu tsari. Inna ta ce Allah ya yi albarka, ko da yake na tabbata a zatonta domen wani irin magani ne. Mahaifiyarku tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Malam, mai tsara duniya, hularka da kake nema tun shekaranjiya tana cikin kwandon albasa."

Ana cikin haka, wajen ƙarshen bazara, sai labari ya zo cewa ciwon huhu ya ɓulla a shanu ta kudu. Likitocin dabbobi suka ce za su kawo allurar rigakafi, amma sai ga wanda sunansa yake cikin jerinmu, kuma daidai adadin da muka rubuta, ba ƙari. Suka ba mu zuwa ranar Juma'a. Makiyayan gefen Falgore kuwa yawancinsu ba su taɓa rajista ba. Shugaba ya ce tun da surukaina ne, ni ya kamata in je. Ranar Litinin na saka kwamfutar hannu a jaka, na hau babur na nufi ruga.

Kun san kakanku, waɗanda kuka riske shi. Mutum ne dogo, siriri, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada kalma ta zube. Garkensa kuwa in ya taso daga mashaya sai ka tsaya ka jira kamar jirgin ƙasa ke wucewa. Shekara goma sha biyu ina auren 'yarsa a lokacin, ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakina ba. Ko yanzu da nake rubuta Alhaji Buba sai na ji hannuna ya yi nauyi. Baffa nake ce masa. Na tarar an shimfiɗa tabarmi a gindin wata ɗorawa, magidanta sun fi talatin. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da Inna da ciwon ƙafarta. Aka kawo fura da nono, na yi kamar ban gani ba ko da yake maƙogwarona ya bushe. Kusa da Baffa akwai amininsa Arɗo Manu, wanda suka tashi tare, suka yi shekaru suna gardama a kan wa ya girmi wani. Arɗo Manu ya yi shekara shida yana cewa shekararsa ɗari. Kuma ya taɓa shiga ajin yaƙi da jahilci, tun daga nan rubutu bai isa ya wuce ta gabansa bai karanta shi da ƙarfi ba, ko da na jikin buhun taki ne.

Aka ce Baffa ne zai fara, don girmamawa. Na durƙusa a gabansa da kwamfuta a cinya, kaina a ƙasa. Gurbin farko suna ne. Ni kuwa ba zan iya tambayarsa sunansa ba. Arɗo Manu ya gane, ya faɗi sunan a madadina, na rubuta da sauri kamar mai sata. Sai gurbin waya.

"Baffa, ana neman lambar waya."

"Ba ni da ita, Malam. Duk mai nemana ya san inda nake."

Na bar gurbin fanko na wuce.

"Baffa, shekaru."

Ya ɗan saci kallon Arɗo Manu.

"Ɗari da huɗu."

A lissafina bai wuce tamanin da 'yan kai ba, amma wane ni. Na rubuta. Sai na zo gurbin da tun a hanya nake jin tsoronsa, domin na san Bafulatani ba ya ƙirga shanunsa a bainar jama'a, wasu ma ko a zuci ba sa yi, gudun baki da gudun alfahari. Na sassauta murya.

"Baffa, shanu nawa za a rubuta?"

"Alhamdulillahi."

"Na'am, Baffa. Amma kamar nawa?"

"Alhamdulillahi, Malam."

Na bar shi fanko, na danna ajiya. Kwamfuta ta yi wani ɗan ƙara, ta fito da jan rubutu. Ta ƙi gurbin waya. Ni na san ko na cika wannan za ta ƙi shekarun, ta ƙi adadin, domin ni na koya mata. Dokokin da na zauna a ofis na ƙera da hannuna su ne suka tsaya tsakanina da surukina, kuma ba zan iya sassauta su daga nan ba, sai a ofis. Mutum talatin suna kallona. Baffa ya tambaya a hankali ko lafiya. Abin da ya kamata in yi shi ne in rufe kwamfutar, in ciro takarda da biro in rubuta abin da aka faɗa mini, in je in gyara kayana. Amma shugaban sashe ne ni, mai kujera mai hannu, kuma na riga na cika baki cewa zamanin takarda ya wuce. Sai na yi dabara. A gurbin waya na sa lambata. A gurbin shekaru na goge huɗun na bar ɗari. A gurbin adadi na sa mafi ƙanƙantar lambar da za ta karɓa, da niyyar in na koma in tambayi mahaifiyarku in gyara. Na danna. Ta karɓa, har da koren rubutu. Na sauke ajiyar zuciya, ban lura Arɗo Manu ya miƙo wuya ta kafaɗata ba.

"She-ka-ru, ɗari," ya karanta, yana jan kowane harafi. "Ashe sa'ana ne kai, Buba. Na'ura ma ta faɗa."

Aka ɗan yi dariya. Na kai hannu zan rufe, amma ya riga ya sauka layi na gaba.

"Sha-nu, ɗaya."

Wurin ya yi tsit. Can nesa wata saniya ta yi kuka, ta Baffa ce kuwa, ɗaya daga cikin waɗanda suka cika fadamar. Sai Baffa ya jawo takalmansa, ya miƙe, ya gyara rawaninsa.

"Malam, a gaida gida."

Ya tafi. Magidantan nan suka riƙa miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna bin sa, kowa sai ya ce mini a gaida gida. Arɗo Manu ne na ƙarshe, yana share hawayen dariya, amma shi ma bai tsaya an rubuta shi ba. Na rage daga ni sai kwamfuta da ƙwaryar furar da ban sha ba. Da na tabbata ba mai ganina na shanye ta.

Labari ya riga ni isa gida, domin kawunnanku suna da waya ko da Baffa ba shi da ita. Na shiga da la'asar sakaliya. Inna tana kan tabarma tana jan carbi, ta dube ni ta girgiza kai.

"Sabo, mutumin da ya ba ka 'yarsa? Ko bara ka je yi ai ka ce masa biyu."

Bayan magariba mahaifiyarku ta kawo mini kwano ta ajiye. Na buɗe, tuwo ne malmala ɗaya, ba miya. Na jira, miya ba ta zo ba. Na yi gyaran murya na tambaya.

"Ba ka faɗi adadi ba, Malam," in ji ta. "Sai na sa mafi ƙanƙanta."

Washegari na isa ofis da wuri, na tarar Malama Asabe ta riga ni. Na ba ta labari duka, ina jiran ta ce da ma na faɗa maka. Ba ta faɗa ba, abin da ya fi ciwo ta yi. Ta ce in matso, ta buɗe jadawalin manoma ta nemo duk waɗanda lambar wayarsu sifili ce goma sha ɗaya a jere. Suka zubo, shafi bayan shafi. Ta nemo masu shekara ɗari cif, sai ga tsofaffi rututu, kamar a shekara ɗaya aka haifi rabin dattawan Tudun Wada. Ashe duk wakilanmu na ƙauyuka abin da na yi a Falgore suke yi tun farko. Na'ura ta ƙi gaskiya, sai su ba ta abin da take so. Rumbun da nake alfahari da tsabtarsa cike yake da ƙarya, sai dai ƙarya ce mai lamba goma sha ɗaya. Littattafan da na raina sun fi shi gaskiya, domin wanda ya rubuta "ta faɗa rijiya" aƙalla ya faɗa maka inda wayar take.

Na ce mata shi ke nan, ta yi nasara. Zan rushe domen ɗin nan uku, in bi jadawali shida gurbi gurbi in mayar da komai nau'i zalla, ko zai ɗauke ni kwana uku.

"Kwana ukun kake da shi?" in ji ta. "Malam Sabo, kai ka ƙera abin nan amma ba ka san amfaninsa ba. Ba kai ka yi sati biyu kana ce mini wuri ɗaya ake gyarawa ba? Matsa."

Ta zauna a kujerata mai hannu. Ta buɗe domen na waya ta cire sharaɗin cewa dole a cika shi, ta bar na lamba goma sha ɗaya ga wanda yake da ita. Ta buɗe na shekaru ta ɗaga iyakar zuwa ɗari da ashirin, tana cewa wanda ya wuce haka ya zo da kansa mu gan shi. Kafin masarar da ta aika a gasa mata ta iso, jadawali shida sun gyaru gaba ɗaya. Da nau'i zalla muka yi da ƙa'ida a kowane jadawali, da muna nan muna bi ɗaya ɗaya. Na buɗe baki zan faɗi haka, ta ɗaga mini hannu. Sannan ta ƙara gurbi ɗaya a jadawalin makiyaya da na manoma, rubutu zalla, ba sharaɗi ko ɗaya, ta sa masa suna "bayani", inda wakili zai iya rubuta "a kira mai shayin tasha" ransa a kwance.

"Naka na abin da muka tabbatar ne," ta ce. "Nawa na abin da ba mu sani ba tukuna. Kai ka ɗauka ka san komai, shi ya sa ka sa naka ko'ina."

Ta ce ba za ta kai ni ƙara ba, in na ga dama mu gyara shiru. Na yi ta juya maganar har azahar. Amma shugaba tambaya ɗaya ya yi mini ranar da ya zaɓi nawa, na kuma ba shi amsa, ga shi ni da kaina na zuba ƙarya uku a layi ɗaya, a kan surukina. Bayan salla na same shi na faɗa masa komai. Sai ya tambaya a cikinmu wa ya gyara. Na faɗa masa. Ya ce to a ba ta kujerar. Ni na ɗauke ta da hannuna na kai gefenta, kuma a ƙarƙashinta na yi aiki har na ajiye, shekara goma sha tara. Ban taɓa samun shugaba kamarta ba, ko da yake ban faɗa mata ba sai ranar walimar sallamata.

Saura gurbin adadi. Wannan ba ya sassautuwa, domin likitoci lamba suke so, ba za su ɗauko allura da "Alhamdulillahi" ba. Ranar Laraba na wuni ina tunani ban samo mafita ba. Da yamma na ajiye girman kai na samu mahaifiyarku a madafa, na ba ta haƙuri, na ce mata ban damu da miya ba, amma in Juma'a ta yi ba suna, shanun Baffa da na duk rugar ba za su samu allura ba. Ta daɗe tana juya tukunya.

"Wa ya ce ka tambaye shi shanunsa? Likitocin shanu za su ɗauka ko allura za su kawo?"

"Allura."

"To ka tambaye shi allura nawa za a kawo masa. Allura ba dukiyarsa ba ce, zai ƙirga maka ita har gobe."

Daren nan miya ta dawo, har da man shanu.

Ranar Alhamis da sassafe na biya ofis, Malama Asabe ta canza sunan gurbin daga adadin shanu zuwa adadin allura, domen ɗin kuwa ko taɓa shi ba a yi ba. Na sayi goro ƙwarya guda na nufi Falgore. A nan ne labarin ya daina ba ni dariya, kuma ina so ku riƙe wannan. Gida biyar daga cikin waɗanda suka zauna a gindin ɗorawar nan ranar Litinin sun tashi ranar Laraba, sun yi kudu neman ciyawa. Ba su shiga jerin ba, ba su samu allura ba. Daga baya na ji biyu daga cikinsu sun yi asarar shanu a daminar. Ba wanda ya taɓa ce mini laifina ne, wataƙila ma da an yi musu allurar abin da zai faru zai faru. Amma na san da na ciro takarda da biro ranar Litinin, da sunansu yana ciki. Har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Baffa ya karɓe ni kamar ba abin da ya faru, wanda ya fi zagi nauyi. Na durƙusa na ajiye goro, na ce na yi kuskure, na'ura ba ta da laifi, ni na koya mata rashin kunya. Ya ce ba komai, yaro ai ba ya rasa wauta, alhali ina da shekara arba'in da ɗaya da furfura a gemu. Aka sake taruwa. Arɗo Manu ya zauna daf da kafaɗata tun kafin in buɗe kwamfuta. Gurbin waya na share lambata na bar shi fanko, a bayani na rubuta "duk mai nemansa ya san inda yake".

"Baffa, shekaru."

"Ɗari da biyar."

"Ranar Litinin ɗari da huɗu ka ce," in ji Arɗo Manu.

"Kwana ukun nan sun tsufar da ni."

Na rubuta, ta karɓa. Arɗo Manu ya karanta da ƙarfi, muryarsa ba daɗi. Sannan na tambaya allura nawa za a kawo. Baffa ya dubi sama, leɓɓansa suna motsi, ya faɗi wata lamba da ba zan rubuta ta nan ba, domin ko bayan ransa ba na ƙirga masa dukiya. Ita ma ta karɓa. Kafin la'asar na gama da kowa, har Arɗo Manu, wanda ya ce shekararsa ɗari da shida.

Na haɗa kayana ina murna na tsira, na je yin sallama. Sai Baffa ya ce in dakata. Ya yi wa kawunku babba magana da Fulatanci, kawun naku ya tafi ya dawo yana jan wata tsohuwar saniya, baƙa, mai ƙaho ɗaya a karye, tana hura hanci tana harbin iska. Daga baya na ji duk rugar ba mai iya tatsarta, ta taɓa kora mutum har kan bishiya. Baffa ya karɓi igiyar ya miƙo mini da hannu biyu, fuskarsa ba alamar wasa.

"Malam, na duba garken nan kaf ina neman saniya ɗayan da ka rubuta mini. Ina jin wannan ce. Tun da kai ka san ta, ka fi kowa cancantar riƙe ta."

Kyautar suruki ba a mayarwa. Na karɓa na yi godiya, na ƙara godiya. Ni da ko akuya ban taɓa kiwo ba, gidana kuwa na cikin gari, ba turke ba garke. Na bar babur a rugar, na kama igiya, muka ɗauki hanyar bakin titi neman motar da za ta yarda ta ɗauke mu, wani lokaci ina janta, yawanci tana jana. Mun yi nisa kaɗan sai na ji Baffa ya ɗaga murya a bayana, karo na farko da na taɓa jin ya ɗaga ta.

"Malam, ka rage allura ɗaya a nawa, ka rubuta a naka."